Na Gama Sakamoto, Wane Littafi Zan Ɗauka Mai Irin Ƙasaitarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a jami'a. Kwanan nan na gama karanta *Sakamoto desu ga?*, kuma tun daga lokacin duk manga, wato littafin labarin zane na Japan, da na ɗauka sai in ji shi salaf. Ina neman labaran barkwanci na makarantun sakandaren Japan waɗanda jarumin yake da irin wannan aji da ƙasaitar da ta wuce hankali. In da hali, a sa mini da wanda zan iya miƙa wa ƙannena.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bari mu fara da abin da ya sa Sakamoto ya kama ka, domin a nan mutane da yawa suke ɓata zaɓi. Suna zaton gwanintar yaron ce abin dariyar, sai su kwaso labaran jarumai masu ƙarfi, su dawo suna ƙorafi. Tuna farkon littafin. Tantiran ajinsu sun maƙala magogin allo a saman ƙofa don ya faɗo masa a ka, ya cafe. Sun sheƙa masa ruwa a banɗaki, ashe ya riga ya buɗe lema. Sun ɗauke masa tebur, ya koma bakin taga ya harɗe ƙafa kamar dama can nan ne mazauninsa. Duk wannan ko gira bai ɗaga ba. Nami Sano, wadda ta zana labarin daga 2012 zuwa 2015, ba ta taɓa barin Sakamoto ya nuna ya san shirme yake yi ba. Dariyar tana kan fuskokin masu kallonsa. Ta kuma san inda za ta tsaya, juzu'i 4 kacal ta yi ta rufe.

Wannan salo yana da tushe a wasan barkwancin Japan da ake kira manzai, wanda ya yi ƙarfi a birnin Osaka. Mutum biyu ne ke tsayawa gaban jama'a: boke, mai sakin zancen da bai kamata ba, da tsukkomi, mai ƙwaɓarsa. Kusan duk littattafan da zan ambata a kan wannan rabon aiki aka gina su, bambancinsu kawai wa aka ba wane aiki.

Wanda zan fara miƙa maka shi ne *Cromartie High School* na Eiji Nonaka, wanda ya fito a mujallar Weekly Shonen Magazine daga 2000 zuwa 2006, juzu'i 17, ya kuma ci kyautar manga ta kamfanin ɗab'i na Kodansha a 2002. Kamiyama yaro ne mai ladabi da ya tsinci kansa a makarantar da ta tara ƙwararrun takadarai. Ranar farko fensirinsa ya faɗi, na kusa da shi ya ɗauka ya tauna ya haɗiye. A cikin ɗaliban akwai goggon biri, akwai wani ƙato mai gashin baki da ba ya magana ba ya sa riga, ana ce masa Freddie saboda kamarsa da Freddie Mercury, mawaƙin nan na Ingila. Akwai kuma Mechazawa, wanda ƙarara inji ne mai siffar gwangwani, amma kusan ba wanda ya lura, kuma shi ne mai hankalin da kowa ke zuwa neman shawara wurinsa. Nonaka ya kwaikwayi zanen tsofaffin labaran 'yan daba na shekarun 1970 da 1980, fuskoki a murtuke, inuwa baƙa ƙirin, sai ka ga ƙarti sun cika shafi suna muhawara mai zafi kan sunan wata waƙa da ta maƙale wa ɗayansu a kai. Ni a wurina ya fi Sakamoto sa dariya, ko da yake bai kai shi kyan zane ba. Akwai shan taba da yawa a ciki, don haka naka ne kai kaɗai.

Na biyu shi ne *Saiki Kusuo no Psi-nan* na Shuichi Aso, a mujallar Weekly Shonen Jump daga 2012 zuwa 2018, juzu'i 26. A nan an juya lissafin. Saiki yana jin tunanin mutane, yana ɓacewa ya bayyana a wani wuri, yana iya tarwatsa gari in ya so, amma burinsa ɗaya ne: kada kowa ya lura da shi, a bar shi ya sha jelin kofi cikin kwanciyar hankali. Shi ne mai ƙasaitar, shi ne kuma mai ƙwaɓar sauran, duk a cikin zuciyarsa, domin ba ya buɗe baki. Mahaukatan su ne abokan da suka liƙe masa. Nendo daƙiƙi ne har ta kai Saiki ba ya iya karanta tunaninsa, don babu abin karantawa. Kaido ya yarda cewa shi kaɗai ne ke yaƙar wata ƙungiyar asiri. Teruhashi kyakkyawa ce da ta kasa gane dalilin da ya sa wannan yaro ɗaya bai rikice a kanta ba. Rubutu yana da yawa a shafukansa, kuma ba a gama shi a zama ɗaya.

Akwai wani reshe daban, inda ƙasaitar ba ta gaskiya ba ce, mutane ne suka ɗora wa jarumin. Mafi kusa da Sakamoto a nan shi ne *Handa-kun* na Satsuki Yoshino, juzu'i 7. Handa gwanin rubutun buroshi ne, duk makaranta na girmama shi, shi kuwa ya haƙiƙance kowa ya tsane shi. An saka masa wasiƙar soyayya a akwatin takalmi, ya ɗauka tsokana ce. Duk ɗari-ɗarin da yake yi don tsoro, sai a fassara shi da jan aji. *Angel Densetsu* na Norihiro Yagi, na shekarun 1990, juzu'i 15, ya bi hanya guda ta wani ɓangaren: Kitano zuciyarsa fara tas, fuskarsa kuwa ta firgita kowa, har aka naɗa shi shugaban 'yan daban makaranta bai sani ba. Zanen juzu'an farko ba shi da kyau, ka yi haƙuri da shi, yana gyaruwa. In kuma jaruma mace kake so, akwai *Komi Can't Communicate* na Tomohito Oda, labarin Komi wadda ake ɗauka sarauniya ce alhali kunya ce ta hana ta magana. Sai dai wannan ya yi tsawo ƙwarai, kuma daga baya ya karkata zuwa soyayya.

Ga ƙannenka, ba su *Tonari no Seki-kun* na Takuma Morishige. Seki yana zaune a layin ƙarshe, kuma kullum da wasan da yake ƙirƙira a kan teburinsa ana tsakiyar darasi: yau ya jera magogan fensir kamar domino, gobe ya mai da 'ya'yan darar shogi 'yan wasan kwaikwayon juyin mulki. Ba ya magana, malami ba ya kama shi. Yokoi, yarinyar da ke gefensa tana ƙoƙarin hana shi, ita ke shan faɗa. Babi-babi ne gajeru, kuma zanen yana isar da yawancin dariyar ko da Turancin yaro bai nuna ba. Ka nuna musu cewa daga dama ake karantawa zuwa hagu, kamar allon makaranta. Shi kansa Sakamoto ban cika ba yara shi ba, saboda babin da mahaifiyar abokinsa Kubota ta faɗa sonsa.

Nami Sano ta yi wani littafin bayan Sakamoto, *Migi to Dali*, juzu'i 7, kafin ta rasu a 2023 tana da shekara 36. Tagwaye ne da wasu tsofaffin ma'aurata suka ɗauka riƙo a zaton yaro ɗaya ne, su kuwa suna musayar wuri a ɓoye suna binciken mutuwar mahaifiyarsu. Hannun da ka sani yana nan, da irin motsin jikin nan da ba ya yiwuwa, amma rabinsa labarin ban tsoro ne, kada ka shige shi da niyyar dariya zalla.

In ka je nema, za ka yi ta cin karo da *Sakamoto Days*. Ba ci gaban naka ba ne, kuma ba marubuci ɗaya ba. Wancan na Yuto Suzuki ne, labarin tsohon makashin haya da ya yi ritaya ya yi teɓa ya buɗe kanti, kuma faɗa ya fi yawa a cikinsa.