Shin dila zai ba ni aron mota idan na kai tawa sabis?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, kuma bara na sayi Toyota Camry ta hannu a wajen wani dila, na biya kuɗinta lakadan. Yanzu ta kusa cika mil 60,000, an kuma aiko mini da saƙo cewa lokacin babban sabis ya yi. Wani abokina mai Lexus ya ce duk sanda ya kai tasa, wata motar ake ba shi kyauta ya ci gaba da harkokinsa har a gama. Ni mota ɗaya gare ni, da ita nake zuwa aiki da safe, da yamma kuma ina kai wa mutane abinci da ita. Inshorar da nake da ita ita ce mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da ita. Shin haƙƙina ne a ba ni aron mota? Idan an ba ni, akwai abin da zai hau kaina?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Aron mota ba haƙƙinka ba ne, kyautatawa ce da dila yake yi idan ya ga dama kuma yana da hali. Babu wata dokar tarayya a Amurka da ta wajabta wa dila ya ba ka mota saboda taka tana garejinsa. Dilan da ka sayi mota a wajensa ma ba reshen kamfanin Toyota ba ne, ɗan kasuwa ne mai zaman kansa da ya samu izinin sayar da motocin kamfanin da gyara su, don haka dilolin kamfani ɗaya a gari ɗaya suna iya saɓawa, wannan ya ba da aro, wancan ya ce ba ya bayarwa, kuma dukansu ba su karya wata ƙa'ida ba.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Dilolin motocin alfarma irin su Lexus da BMW da Mercedes-Benz da Audi sun saba da wannan hidima, har masu motocin suna ganinta kamar wajibi, sai dai ba kyauta ba ce yadda yake zato, domin ya riga ya biya ta a cikin farashin motar da kuma kuɗin aikin da garejinsu ke caja a kan kowace sa'a. Akwai kamfanonin da suka rubuta alkawarin a takarda. Genesis, alal misali, yana da tsarin da a shekaru 3 na farko ko mil 36,000 ake zuwa a ɗauki motar a gida a bar wa mai ita wata. Shi kuwa shirin ToyotaCare, wanda ke zuwa da sabuwar Toyota na tsawon shekaru 2 ko mil 25,000, sabis ne kyauta da taimakon gaggawa a kan hanya, kuma motarka ta riga ta wuce wa'adinsa. Abin da ya rage maka shi ne ka duba takardun da ka sa wa hannu ranar sayen motar, ko akwai yarjejeniyar ƙarin garanti a ciki, domin irin waɗannan yarjejeniyoyi sukan biya kuɗin hayar mota na wasu kwanaki, ko da yake galibi sai idan gyaran lalacewa ne da suka ɗauki nauyinsa, ba sabis na yau da kullum ba.

Motocin aron nan yawanci sababbi ne da dila ya ware daga cikin hajarsa, a yi amfani da su na 'yan watanni sannan a sayar da su da rangwame, kuma wani ɓangare na hikimar shi ne ka ɗanɗana sabuwar mota har ranka ya biya. Ba su da yawa, kuma sun ƙara ƙaranci a 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya rage ƙera motoci, diloli da dama suka sayar da na aron saboda babu abin ajiyewa a fili. Shi ya sa ake bin fifiko wajen rabo. Wanda motarsa za ta kwana saboda gyaran garanti, ko wanda ake jiran isowar kayan gyaransa, ko wanda kamfani ya yi wa motarsa kiranye saboda wani lahani mai haɗari, su ne a gaba. Mai juyen baƙin mai da juya tayoyi, wanda aikinsa ba zai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, ɗakin jira za a nuna masa, ko a kai shi wurin aikinsa da motar jigilar garejin, wasu kuma su biya masa Uber ko Lyft. Sabis ɗin mil 60,000 yana tsakiya, domin yakan ci rabin yini idan an haɗa da canjin matatun iska da duba birki da sauran ruwayen mota, saboda haka kana iya dacewa idan ka nema tun ranar da kake kama layi, mako ɗaya ko biyu kafin lokaci, ka zaɓi tsakiyar mako, sannan ka sake kira ana gobe ka tabbatar an rubuta sunanka. Wanda ya bari sai ya iso da safe sannan ya tambaya, kusan kullum amsar da zai ji ita ce duk sun fita.

Akwai wani abu game da wannan adadi na mil 60,000 da ya fi aron mota muhimmanci a gare ka. Garantin Toyota na inji da giya shekaru 5 ne ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika, kuma yana bin motar ko da ta canza hannu. Idan motarka ba ta cika shekaru 5 ba, kuma kana jin wata ƙara a inji ko fizga wajen sauya giya ko ka ga ɗigon mai a inda kake ajiye ta, ka kai ta a rubuta ƙorafin kafin ta haye wannan lamba. A irin wannan gyara ne kuma damar samun aron mota ta fi ƙarfi.

Idan an amince za a ba ka, za a nemi lasin tuƙi mai aiki da shaidar inshora da katin banki, galibi katin bashi, kuma yawancin diloli ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba, wasu ma sai 25. Daga nan za a miƙo maka takardar yarjejeniya, kuma a nan ne amsar tambayarka ta biyu take.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda motar dila ce, inshorar dila ce za ta biya idan wani abu ya faru. Dila yana da inshora a kan motocinsa, amma takardar da za ka sa wa hannu a mafi yawan lokuta tana cewa kai ne ke da alhakin duk wata ɓarna da ta samu motar tun daga karɓar makulli har mayar da shi, kuma inshorarka ce za ta fara biya. Ko da kamfanin inshorar dila ya gyara motar, yana iya juyowa ya bi ka kuɗinsa. Yawancin inshorar motocin gida a Amurka suna ɗaukar motar aro a matsayin madadin wucin gadi na motarka, wato kariyar da kake da ita a kan taka ita ce za ta bi ka zuwa ta aron, ba tare da ta ƙaru ba. Wanda yake da inshorar karo da ta sauran asarori kamar sata da ƙanƙara da gobara, shi abin da zai fita daga aljihunsa shi ne kason farko da aka yanka masa, dala 500 ko 1,000 a mafi yawan yarjejeniyoyi, kamfani ya biya sauran. Kai kuwa inshorarka ta biyan diyyar wanda ka yi wa ɓarna ce kawai. Idan ka bugi motar wani za ta biya shi gwargwadon iyakarta, amma ita motar da kake tuƙawa babu tabbacin za ta biya ko sisi a kanta. Jihohi sun bambanta a nan, akwai waɗanda dokarsu ta tilasta wa kamfanonin inshora su faɗaɗa kariyar ta haɗa da motar aro, don haka kada ka dogara da abin da wani ɗan'uwa a wata jiha ya gaya maka. Ka kira kamfanin inshorarka kafin ranar, ka tambaye su kai tsaye ko za su biya gyaran motar da dila ya ara maka idan kai ne da laifi, ka kuma nemi su aiko maka da amsar a rubuce. Ka tuna cewa motar da za a ba ka sabuwa ce, darajarta tana iya ninka ta Camry ɗinka.

Abubuwa biyu da mutane ke zaton za su cece su a nan ba sa aiki. Kariyar da wasu katunan bashi ke bayarwa a kan motar haya tana tsayuwa ne idan an biya kuɗin hayar da katin, kuma tunda ba a caje ka komai a kan aro ba, yawanci ba ta shafe shi. Haka nan ƙarin da ake saya a inshora don biyan kuɗin hayar mota, yana aiki ne idan motarka tana gareji saboda hatsari ko wata asarar da inshorar ta ɗauka, sabis ba ya ciki. Ka kuma duba ko takardar ta ɗora maka kuɗin kwanakin da motar za ta yi a wajen gyara ba ta aiki, da faɗuwar darajarta bayan hatsari, domin waɗannan biyu ko mai cikakkiyar inshora sau da yawa yakan tarar kamfaninsa ba ya biyansu.

Batun kai abinci kuwa, shawarata ita ce ka cire shi daga ranka baki ɗaya. Takardun aro kusan duka sun hana amfani da motar wajen ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi, inshorar motar gida ma tana da irin wannan togaciya. Idan hatsari ya same ka da jakar abincin wani a kujerar baya, dila zai ce ka saɓa yarjejeniya, kamfanin inshorarka kuma zai sami hujjar janye jiki, sai ka wayi gari kai kaɗai ne da bashin sabuwar mota saboda cinikin yamma ɗaya. Wannan togaciya ta shafi ita kanta Camry ɗinka, don haka a kiran da za ka yi ka tambaya ko suna da ƙarin kariya ga masu wannan sana'a.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar kiyayewa idan an karanta su. Akan iyakance yawan mil da za a yi a yini, akan hana fita daga jihar ko wuce wani nisa, ta yadda tafiya daga Columbus zuwa Indianapolis da ke jihar Indiana ziyarar dangi tana iya zama saɓa alkawari. Ba a shan taba a ciki, ba a ɗaukar dabba, kuma babu mai tuƙawa sai wanda sunansa ke kan takardar, don haka idan mai ɗakinka za ta taɓa sitiyarin, a rubuta sunanta da lambar lasinta tun farko. Fetur ana mayar da shi yadda aka same shi, in ba haka ba za a caje ka a farashin da ya fi na gidan mai. Kuɗin hanya da tarar kyamara da ta ajiye mota ba daidai ba duk za su biyo katinka, wani lokaci da ƙarin ladan ofis. Da zarar an kira ka an ce motarka ta kammala, ana so ka dawo da tasu a ranar ko washegari, jinkiri kuma yakan koma kuɗin haya na kullum. Kafin ka tayar da motar, ka zagaya ta tare da jami'in da ya ba ka makulli, ka ɗauki hoton jikinta ta kowane gefe da gilashin gaba da ƙafafun da ma'aunin fetur da na tafiya, ka sa a rubuta duk wani ƙarzo da ka gani. Ranar mayarwa ka yi haka, kuma kada ka jefa makulli a akwatin ajiye makullai na garejin ka tafi ba tare da wani ya duba ya sa hannu ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dokar da majalisar Amurka ta zartar a 2015 ta hana kamfanonin haya ba da motar da ke da kiranyen da ba a gyara ba, amma ta tsaya ne a kan masu motocin haya 35 ko fiye, abin da ya bar diloli da yawa a waje. Lambar shaidar mota mai haruffa da alƙaluma 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, yana nuna ko akwai kiranye a kanta cikin ƙasa da minti ɗaya.

A halin da kake ciki, ni ba zan sa aron mota a gaba ba. Idan kamfanin inshorarka ya ce ba ya biyan ɓarnar motar aro, ka kama layin safiyar ranar da ba ka aiki, ka zauna a ɗakin jira ko ka bi motar jigilar garejin. Ba dole ba ne ma sai a wajen dila za ka yi sabis ɗin, domin dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi sabis a garejin waje, muddin an yi aikin daidai kuma kana riƙe da rasit. Ka nemi dila da wani bakanike mai zaman kansa kowanne ya rubuta maka farashi, ka gwada su da jadawalin da ke cikin littafin motar, saboda abin da dila ke kira babban sabis sau da yawa yakan ƙunshi ayyukan da littafin bai nema ba. Idan har dole sai ka sami mota a yinin, hayar kwana ɗaya daga kamfanin haya tare da sayen kariyarsu ta ɓarnar mota ta fi maka kwanciyar hankali, tunda tun kafin ka karɓi makulli ka san iyakar abin da za ka biya, ko da yake ita ma ba a yarda a yi sana'ar kai abinci da ita ba.