Tambaya da Amsa: Ta Yaya Gidaje 400 Za Su Fi Mutum 1,200?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina rubuta kundin kammala karatu a kan inda gidajen birnin Sakkwato ke samun ruwan sha. Na tura tambayoyina zaurukan WhatsApp da nake ciki, na roƙi dangi da ƙawaye su yaɗa, cikin mako biyu mutum 1,200 suka amsa. Malamin da ke duba aikina ya ƙi karɓa, ya ce in koma in zaɓi gidaje 400 ta hanyar ƙuri'a in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta yaya 400 za su fi 1,200?
Ɗalibarku daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya, ko da yake na san zafin a ce wa mutum wahalarsa ta mako biyu ba ta karɓu ba. Duk wanda ya taɓa cinikin albasa buhu guda ya san ba a yanke hukunci da abin da ke bakin buhu, domin manya masu sheƙi ake ɗorawa a sama. Wanda ya juya albasa ɗari daga saman bai san komai ba game da gindin buhun, kuma wanda ya sa aka zazzage ya ɗauki goma daga ko'ina ya fi shi sanin abin da yake saye. Waɗannan goma su ne abin da masu ilimin ƙididdiga ke kira samfur, kuma darajar samfur tana ga yadda aka ɗebo shi kafin a zo ga yawansa.

Ki dubi waɗanda suka amsa miki. Kowannensu yana da babbar waya, yana da kuɗin data, yana karanta boko, kuma akwai igiyar sanayya da ta haɗa shi da ke. Irin waɗannan mutane sun fi kusa da mallakar rijiyar burtsatse ko famfo a gida fiye da matar da ke jiran ɗan garuwa kullum da safe, wadda takardarki ba ta da hanyar isa gare ta ko da kin shekara kina yaɗawa. Wannan ita ce karkata ta farko, wato a bar wani ɓangare na jama'a a waje tun kafin a fara. Ta biyu kuwa, cikin waɗanda saƙon ya isa gare su ba ke kika zaɓi masu amsawa ba, su suka zaɓi kansu, kuma wanda famfonsa ya yi wata guda a bushe ya fi wanda ruwa bai dame shi ba saurin ɗaukar waya ya amayar da abin da ke cikinsa. Ɗaya tana jan sakamakon gabas, ɗaya tana jan shi yamma, ba ki kuma da ma'aunin da za ki gane wadda ta rinjaya.

A shekarar 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 a kan zaɓen shugaban ƙasa, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta bayyana cewa Alf Landon zai lashe da kashi 57 cikin ɗari. Da aka yi zaɓe Franklin Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya cinye jihohi 46 daga cikin 48 na wancan lokaci. Mujallar ta ɗebo sunayen ne daga littattafan lambobin tarho, da rajistar masu motoci, da jerin masu sayenta, a zamanin da tattalin arziki ya karye, mota da tarho suka fi yawa a hannun masu hali, sannan mafi yawan waɗanda aka aika wa ba su ma amsa ba. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutane kimanin 50,000 kacal, ya faɗi daidai wanda zai ci. Shi ma dai ya sha ƙasa a 1948, lokacin da ya ce Thomas Dewey zai kayar da Harry Truman, kuma cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi har da tsarinsa na ba ma'aikata adadin maza da mata da matasan da za su tambaya, sannan a bar su su tsinci wanda suka ga dama. Mutum in aka bar shi da zaɓi, ƙofar da ta fi sauƙin shiga yake nufa.

Shi ya sa ake miƙa zaɓin ga ƙuri'a, domin ita ba ta san dangi ba, ba ta kuma gudun lungu mai kwata. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera dukan gidaje, a ba kowanne lamba, a bar kwamfuta ta fitar da lambobi. Idan jerin yana da gida 2,000 ana son 100, ana iya jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 20 don samun mafari, sannan a riƙa ɗaukar kowane gida na 20. Tun da ba ki da jerin gidajen birni gaba ɗaya, shawarata ki fara kasa birnin rukuni-rukuni, tsofaffin unguwanni na kewayen Kanwuri daban, sababbi irin su Arkilla da Gawon Nama daban, na gefen gari daban, saboda sha'anin ruwansu ba ɗaya ba ne. A kowane rukuni ki zaɓi 'yan yankuna da ƙuri'a, ki gai da mai unguwa ki nemi izini, ki jera gidajen yankin, ki sake jefa ƙuri'a, kowane rukuni ya samu kaso gwargwadon yawan jama'arsa. Kusan haka Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, inda aka raba kowace jiha birni da karkara, aka zaɓi yankuna 1,400, aka ɗauki gida 30 a kowanne, jimilla kimanin 42,000 suka wakilci Najeriya baki ɗaya.

Game da adadi, samfur na 400 da aka ɗebo da tsantsar ƙuri'a yakan ba da sakamakon da kuskurensa bai cika wuce kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, na 1,000 kuma kashi 3, kuma sai an ninka samfur sau huɗu kafin kuskuren ya ragu da rabi. Ɗaukar gidaje gungu-gungu yana faɗaɗa wannan tazara, domin maƙwabta sukan sha daga rijiya ɗaya. Amsoshinki 1,200 ba su da irin wannan lissafi ko kaɗan, tun da ba wanda ya san damar da kowa ya samu ta shiga ciki.

Sauran aikin yana bakin ƙofa. Ki fayyace tun farko cewa gida a wurinki shi ne masu cin tukunya ɗaya, domin ƙofa guda tana iya ɗauke da magidanta huɗu. Kasancewarki mace riba ce, za ki shiga har ciki ki tambayi matan da ke auna ruwan, inda namiji zai tsaya a zaure ya karɓi ƙiyasin maigida. Gidan da kika tarar ba kowa ki koma da yamma ko washegari, kada ki musanya shi da na maƙwabci, in kuma bai samu ba ki rubuta shi cikin waɗanda ba su amsa ba. Ki sanar da mutane cewa ba tallafi kika kawo ba, don da zarar sun zaci rabo ne kowa zai ƙara wa wahalarsa gishiri. Kada ki ce "Ai kuna fama da rashin ruwa, ko?", ki ce "Jiya daga ina kuka samu ruwan sha?" Tsofaffin amsoshin kuma ki adana su a matsayin gwaji, za su nuna miki tambayoyin da mutane ba su fahimta ba.

TAMBAYA: Malam, na ji shirin rediyo inda kusan duk masu bugo waya suka goyi bayan ra'ayi ɗaya, mai gabatarwa ya ce ra'ayin jama'ar jiha ke nan. Haka ne?
Wani manomi daga Wurno.

AMSA: Ba haka ba ne, Malam. Ra'ayin masu sauraren wannan tasha ne a wannan sa'a, waɗanda ke da kati a waya, batun ya taɓa su, layi kuma ya shiga. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, kuma wanda ke fadama yana ban ruwa a lokacin shirin, ko wanda ke ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, ba a ji ta bakinsa ba. Ka saurari irin wannan shiri don ka ji hujjojin da mutane ke kawowa, amma kada ka ƙirga masu kiran.