Holanci da Malayalam: ’yan’uwa ne, ko baƙo ne ya tafi ya bar kayansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani asibiti a Doha, kuma yawancin ma’aikatan jinyar da muke tare da su ’yan jihar Kerala ne ta Indiya. Rannan wata daga cikinsu ta ce mini kalmar da suke kiran ban-ɗaki da ita, kakkus, daga yaren mutanen Holan take. Ta ƙara da cewa “suna” a yarensu naamam ne, a Holanci kuma naam. Shin harsunan nan biyu ’yan gida ɗaya ne? Wanne kuma ya fi sauƙin koyo ga Bahaushe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokiyar aikin taka ba ta faɗi ƙarya ba ko ɗaya, amma harsunan ba su haɗa kaka ba. Holanci ɗan ɗakin Jamusanci da Ingilishi ne, cikin babbar zuriyar nan da ta bazu daga Turai har arewacin Indiya. Kimanin mutum miliyan 25 ne suka tashi da shi a baki, a Holan da arewacin Beljiyam da Suriname, kuma Afirkans na Afirka ta Kudu daga jikinsa ya fita. Malayalam kuwa, harshen mutanen Kerala, na zuriyar Dirabidiya ne, harsunan kudancin Indiya, ɗan’uwansa na jini shi ne Tamil. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta ba shi masu magana kusan miliyan 35, wato ya fi Holanci jama’a, ko da yake sunan Holanci ya fi tafiya.

Bari in fara da naamam, don nan ne tarkon yake. Kalmar ba ta gado ba ce a Malayalam, aro ce daga Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya. Kalmarsu ta gida, wadda ake tambayar yaro da ita a titi, ita ce peru. Shi kuwa Sanskirit ɗan zuriya ɗaya ne da Holanci, dangin nesa. Saboda haka naam da naamam tabbas tushensu ɗaya, sai dai Malayalam ta ƙofar aro ya same ta. Haka maasam, wato wata na kalanda, take da maand ta Holanci. Haka dantam, haƙori a harshen littafi, take da tand, alhali mai ciwon haƙori a birnin Kochi na Kerala pallu zai ce. Ka ɗauki “littafi” tamu da kitabu ta Suwahili: ba su sa Hausa da Suwahili sun zama ’yan ɗaki ɗaya ba, Larabci ne ya ba kowa. Masana ba sa yanke hukuncin dangantaka da kalmomin makaranta. Suna duba ƙirga, da sassan jiki, da wakilan suna, da ginin jimla. A nan kuwa ɗaya, biyu, uku na Holanci, een, twee, drie, ba su da abin da ya haɗa su da na Malayalam, onnu, randu, moonnu.

Ginin jimla ya fi komai tona asirin nisan da ke tsakaninsu. Mu ɗauki gida. Ɗan Holan zai ce huis, in het huis, naar huis, kamar dai yadda muke cewa gida, a cikin gidan, zuwa gida: ƙananan kalmomi a gaba, sunan yana zaune abinsa. Mutumin Kerala kuwa a wutsiyar sunan yake liƙa komai. Gida veedu ne, a gida veettil, zuwa gida veettilekku, daga gida veettilninnu. Kalma ɗaya sai ta yi ta tsawo tana ɗaukar kaya kamar raƙumin fatake. Aikatau kuma kullum a ƙarshe yake zuwa: njaan choru kazhikkunnu, wato “ni shinkafa ci”. Holanci a jimla mai sauƙi tsarinmu yake bi, ik eet rijst, ina cin shinkafa. Sai dai yana da wata ɗabi’a mai ba masu koyo haushi: da zarar jimla ta rataya a jikin wata, aikatau sai ya gudu ƙarshe. Ik weet dat hij rijst eet, na san cewa shi shinkafa ci. Wasu kan ga wannan su ce ai ga kama da Malayalam. Haɗuwar hanya ce kawai. Jamusanci ma haka yake yi.

Akwai inda Malayalam ya yi wa mai koyo rangwame. Aikataunsa bai damu da wanda ya yi aikin ba: njaan varunnu, nee varunnu, avan varunnu, ina zuwa, kana zuwa, yana zuwa, kalmar ba ta motsa ba. Ko Tamil bai yi wannan sauƙin ba. Holanci kuwa ik kom, jij komt, wij komen. Malayalam bai raba kujera da tebur zuwa mace da namiji ba, Holanci kuwa ya raba sunaye tsakanin de da het, kuma sai dai hadda. Bahaushe da ya saba “rigar” da “wandon” zai zaci ya san dawan garin, har sai ya tarar cewa yarinya, het meisje, ba a sahun mata nahawu ya ajiye ta ba, saboda duk kalmar da aka ƙanƙanta da -je het take ɗauka. Abin da ya fi burge ni a Malayalam shi ne “mu” iri biyu: nammal, mu har da kai da nake wa magana, da njangal, mu ban da kai. Idan abokan aikinka suka ce njangal za su je cin abinci, kada ka ɗauko takalminka.

Yanzu ga kakkus. Wannan kam Holanci ce tsantsa: kakhuis, kak kashi, huis gida. Su ba su yi kunyar da muke yi ba da muke sakayawa da “bayan gida”. Kalmar ta shiga Tamil da Sinhala na Siri Lanka da harshen Indunisiya, duk inda jiragen kamfanin kasuwancin Holan na gabashin Indiya, VOC, suka yada zango. Kamfanin da aka kafa a 1602 ya ƙwace Kochi daga hannun ’yan Fotugal a 1663, masoro yake nema. A 1741 Sarki Marthanda Varma na Tirabanko, masarautar kudancin Kerala, ya karya lagonsu a yaƙin Kolachel, har ya kama wani hafsansu, Eustachius De Lannoy, wanda ya ƙare yana horar da sojojin sarkin. A 1795 Ingilishi suka karɓe Kochi.

Shekara 132 ke nan, amma kalmomin da suka bari ba su taka kara sun karya ba. ’Yan Fotugal, waɗanda Vasco da Gama ya buɗe wa hanya a 1498, sun fi su barin sawu nesa ba kusa ba: mesha tebur, kasera kujera, janala taga, chaavi mabuɗi. Dalilin a fili yake. ’Yan Fotugal sun yi aure a ƙasar, sun gina coci-coci, harshensu ya shiga ɗakin girki. ’Yan Holan sun iske gurɓataccen harshen Fotugis ya riga ya zama harshen ciniki a bakin teku, sai suka ci gaba da amfani da shi, su dai a cika musu jirgi. Hatta ginin da ake kira Fadar Holan a unguwar Mattancherry ta Kochi ’yan Fotugal ne suka gina shi, ’yan Holan gyara kawai suka yi. Aron ma bai tafi ta hanya ɗaya ba. Kalmomin mango da kopra (busasshiyar kwakwa) da teak (wani irin katako) da ke cikin Holancin yau daga gaɓar Malabar, wato bakin tekun Kerala, suka fito ta hannun ’yan Fotugal, kuma mangwaronmu idan ka bi sawunsa a maanga ta can za ka tsaya.

A ganina babban abin da haɗuwar nan ta haifar littafi ne, Hortus Malabaricus, juzu’i 12 da aka buga a Amsterdam daga 1678 zuwa 1693. Gwamnan Holan a Malabar, Hendrik van Rheede, shi ya ɗauki nauyinsa, amma ilimin tsirrai sama da 700 da ke ciki na masu maganin gargajiyar ƙasar ne, musamman Itty Achudan, wanda aka buga shaidar da ya rubuta da hannunsa a juzu’in farko. Da Latin aka rubuta littafin, ba da Holanci ba, sai dai a nan ne haruffan Malayalam suka fara fitowa a bugu. Kusa da zanen kowane tsiro akwai sunansa da rubutu daban-daban, har da haruffan Larabci. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin Musulmin Kerala, Mappila, suna da nasu ajamin, Arabi-Malayalam, wanda suka rubuta waƙoƙi da littattafan addini da shi, suka ƙara ɗigo a wasu haruffa don sautukan da Larabci ba shi da su. Duk wanda ya karanta waƙoƙin wa’azi da ajamin Hausa ya san wannan dabarar.

Batun sauƙi kuwa, idan kana da Ingilishi, Holanci ne ba tare da jayayya ba: boko ne, kuma water, hand, boek ba baƙi ba ne. G ɗinsu mai kankarar maƙogwaro da ke firgita Ingilishi kusan خ ce, wadda duk wanda ya yi tajwidi ya iya. Malayalam yana da haruffa sama da 50 masu lanƙwasa, ga haɗaɗɗun baƙaƙe, ko bayan gyaran rubutu na 1971 da ya rage su. Kunnenka zai taimake ka wajen dogon wasali da gajere da baƙi mai shadda, kuma wanda ya bambanta “bara” ta yaron gida da “bara” ta roƙo ya san r ba ɗaya ba ce. Amma Holanci ba ka da mai yi maka shi a Doha, Malayalam kuwa kana kwana kana tashi a cikinsa. Ka roƙi abokiyar aikinka ta faɗi sunan garin Kozhikode a hankali. Wannan zh ɗin ba z ba ce: harshe ake naɗewa baya ba tare da ya taɓa ganɗa ba, sauti ya fito tsakanin r da l. Da shi za ka fara, sannan ka gwada mazha, ruwan sama, da pazham, ayaba.