Abin da aka furta a gaban shaidu

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma gane har yanzu zaman sulhun gonar nan na ci maka rai. Ka ce me ya sa dattawa ke dagewa sai mutum ya furta alkawari da bakinsa a gaban shaidu, alhali kowa ya san yana tashi zai saɓa? Har ka kira abin wasan yara.

Bari in ɗauko maka misali daga nesa, don na kusa yana jawo gaba.

Zamanin yaƙin cacar baka muna samari, rediyo ce makarantarmu. Mu murɗo Landan, mu murɗo Mosko, duk da Hausa, kowa na wanke kansa. Ranar 1 ga Agustan 1975 ƙasashe 35 suka rattaba hannu kan wata takarda a Helsinki, babban birnin Finland, ciki har da Amurka da Tarayyar Sobiyet. Brezhnev, shugaban Sobiyet na lokacin, iyakoki yake so a amince masa da su, waɗanda aka shata bayan yaƙin duniya na biyu. Ƙasashen yamma suka ce to, amma a rubuta cewa kowace gwamnati za ta mutunta haƙƙin ɗan Adam, ta bar mutane su yi addininsu, iyalan da aka raba su sadu. Ya sa hannu. Takardar ba ta da ƙarfin doka, ba kotu, ba ɗan sanda. A Amurka ma an caccaki Shugaba Ford, irin maganarka aka yi: an ba da gona an karɓi iska.

To ga inda gizo ke saƙar. Saboda alfahari, aka buga takardar ɗungurungum a Pravda, jaridar jam'iyya mai mulkin Sobiyet, kowa ya karanta. A watan Mayun 1976 wani masanin kimiyya, Yuri Orlov, ya tara abokansa a Mosko suka kafa ƙungiya. Ba su ce a kifar da gwamnati ba. Aikinsu kawai rubutawa: wane an ɗaure shi kan ra'ayinsa, wance an hana ta fita, ga kuma abin da kuka sa wa hannu. A Chekoslobakiya su marubuci Vaclav Havel suka bi sahu a 1977.

Sun ɗanɗana kuɗarsu, kada ka ɗauka da sauƙi. Orlov shekara bakwai aka yanke masa a sansanin gwale-gwale, Andrei Sakharov, wani masanin kimiyya mai fafutukar haƙƙin ɗan Adam, aka kora shi garin Gorky a 1980. Amma duk zaman bita da aka yi, a Belgrade, a Madrid, a Vienna, sai an tuna wa wakilan Sobiyet waɗannan mutane. Magana zarar bunu ce. A Disambar 1986 aka zo aka kafa wa Sakharov tarho a gidan da ake tsare da shi, washegari aka bugo masa, ashe Gorbachev ne, sabon shugaban Sobiyet, yana ce masa ya dawo Mosko. Shekara guda bayan nan Gorbachev da Shugaba Reagan na Amurka suka sa hannu kan lalata makamai masu linzami masu matsakaicin zango. Ban ce takardar ce kaɗai ta yi aikin ba, talauci ma ya matse Sobiyet.

Saboda haka in an koma zaman ranar Asabar, ka je. Ka bar baffanka ya faɗi iyakar da bakinsa, daga tsamiya zuwa rijiya, a gaban liman da mai unguwa. Kai da ke da biro, ka rubuta, kowa ya dangwala. Ka gaida mahaifiyarka.