Mai Feshi Ya Zo Da Sirinji, Ko Dai Damfara Ce?

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da ɗan gidan abinci a Agege, kyankyasai sun addabe mu a kicin, sai na kira masu feshi na biya kuɗi masu kauri, amma mutumin da ya zo sirinji kawai ya fiddo yana ɗiga wani abu kamar man goge baki a lungunan kabad da bayan firij, ko wari babu. Anya ba cuta ta ya yi ba? Daga Hajiya mai tuwo, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan mutumin ya san aikinsa. Mu dai mun saba in magani bai hau kai ya sa hawaye ba to wai jabu ne, alhali warin nan galibi na man da aka narka maganin a ciki ne, irin wanda za ki ga an rubuta EC a jikin kwalbar, da an zuba shi a ruwa sai ya yi fari kamar madara. Shi wannan in aka fesa a bangon siminti mara fenti bangon shanye shi yake yi, shi ya sa ƙwararru suka fi son na gari mai WP ko mai kauri SC a irin wurin, don yana zama a saman bango, sai dai dole a riƙa girgiza tankin feshin saboda kwanciya yake a ƙasa.

Wanda aka sa miki kuwa abinci ne mai guba, yawanci fipronil ko imidacloprid ne a ciki, kyankyaso zai ci ya koma maɓoyarsa ya mutu, 'yan uwansa su ci gawarsa da kashinsa su ma su bi shi. A kicin da ake tuƙa tuwo ai ya fi feshi nesa ba kusa ba. Ki ba shi sati ɗaya zuwa biyu, kuma don Allah kar yaranki su ce za su "taimaka" da ota-piapia ko Sniper a kai, ɓata shi za su yi kyankyasan su guje shi, balle Sniper maganin gona ne, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa.

Da kuɗin cizo ne da sai in ce ya cuce ki, tunda shi jini yake sha ba ya kula wannan. Da dare a riƙa share ɓurɓushin abinci a goge maiƙon murhu, in ba haka ba kyankyason da ya ƙoshi da miyarki ba zai kalli na sirinji ba.