Ɗana Ya Kira Ni Farauta a Amurka, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maharbi ne ɗan gado, shekaruna 58, ina zaune a unguwar Bagalam, Maradi. Ɗana da ke aiki a jihar Kolorado ta Amurka yana so in je mu yi farautar wata dabba da suke kira elk. Wane shiri zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya yi wa yaron nan albarka da ya tuna sana'ar gidansu.

Elk dangin barewa ne, amma namijinsa ya kai gwanki har ya ɗara, yakan wuce kilo 300. Ƙahonsa mai rassa ne kamar busasshen itace, kowace shekara ya zubar ya sake tohowa. Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawansu.

Ka fara da biza kafin ka kashe ko dala, domin samunta ya yi tsauri ga ƴan Nijar. Sai takardar izinin farauta. Da yawa daga cikinsu ƙuri'a ake yi, kuma farkon Afrilu ake rufe karɓar sunaye, don haka farautar kaka tun da bazara ake nemanta. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar ya yi darasin kiyaye makami, ko da ya shekara arba'in yana harbi. Kada ranka ya ɓaci, Baba, doka ce ta kowa. Ƴan baka da kibiya suna fita a Satumba, lokacin barbara, sa'ad da mazan ke rangaɗa kuka mai kama da busa. Ƴan bindiga sai Oktoba da Nuwamba, sanye da riga da hula ruwan lemo mai ƙyalli don kada wani maharbi ya ɗauke su dabba.

Abin da ya fi damuna ba hannunka ba ne, ƙirjinka ne. Maradi ba ta kai mita 400 bisa teku ba. Denba, babban birnin Kolorado, yana kan mita 1,600, dabbar kuwa sau da yawa sai ka hau duwatsu har kusan mita 3,000. Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Na taɓa hawa irin wannan dutse: taku ashirin na yi na tsaya riƙe da gwiwa, kai na sara, zuciya na bugu kamar kalangu. Ka je likita ya auna jininka. Ka fara tafiyar asuba tun yanzu cikin yashin Gulbi da kaya a baya. In ka isa, ka huta kwana biyu ko uku kafin ka hau, ka yawaita shan ruwa. Takalmin da za ka sa kuwa ka tattaka shi makonni a nan gida, sabo yana cin ƙafa. Hunturunmu wasa ne a kan sanyinsu, ƙanƙara na iya sauka tun Oktoba.

In Allah ya ba ka sa'a, nan aiki ya fara. Mota ba ta zuwa wurin, babu amalanke. Ku za ku feɗe, ku rarraba, ku goyo nama kusan kilo 100 a baya, sawu bayan sawu, kuma barinsa a daji ya ruɓe laifi ne a dokarsu. Ka yi bisimilla kafin ka harba, in ka tarar da shi da sauran rai ka yanka. Ka tafi da wuƙarka mai kaifi cikin jakar da ake awo a filin jirgin sama, ba ta hannu ba.