Amsa ga 'yar'uwar da aikin ofis ya ƙarar wa ƙarfi

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa kike wayar gari a gajiye, gabanki na faɗuwa duk sanda aka ce darakta na neman ki, alhali mutanen gari na cewa aikin gwamnati hutu ne. Na daɗe a sashen kuɗi na wata ma'aikata a nan Abuja, kuma abin da na ga ya fi cinye ma'aikaci shi ne a ɗora masa alhakin abin da ba shi da iko a kai.

Tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya (TSA) a 2015, ga kuma tsarin kwamfuta na biyan albashi (IPPIS) da na sarrafa kuɗin gwamnati (GIFMIS), kowace naira tana barin sawu. Wallahi ina goyon bayan haka, dukiyar al'umma amana ce. Amma dubi kan wa abin yake sauka. Oga zai ce da baki, "A biya yau." Ke za ki shirya baucan, wato takardar biyan kuɗin, sa hannunki ne a kai. Bayan shekara biyu mutanen Odita Janar, masu binciken kuɗin gwamnati, su iso, shi an riga an canza masa wurin aiki, ke za a zaunar gaban tulin fayil ana neman rasit ɗin mai da rubutunsa ya koɗe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ga abokin aikina, mutumin kirki, ya daina barci saboda takardar gayyata daga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, alhali shaida kawai aka kira shi ya bayar. Hawan jini ne ya biyo baya.

Ga waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, aikin mutum uku ya dawo kanki. Ga cunkoson motoci a hanyar Nyanya safe da yamma.

Shawarata, kada ki ƙara aiwatar da umarnin baki a kan kuɗi. Cikin ladabi ki ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta min a fayil." Zai ɗaure fuska da farko, daga baya ya saba. Ki riƙa ajiye kwafin duk abin da kika sa wa hannu. Hutun shekara haƙƙinki ne, ki nema a rubuce, kada kunya ta sa ki bar shi. Kuma don Allah, cikin makon nan ki je asibiti a gwada jininki.